Yaron da Gari Ya Ƙi: Nasiha ga Masu Kallon Naruto

Akwai wani hoto da duk mai kallon Naruto ya haddace. Harabar makarantar koyon yaƙi ta cika da iyaye, kowa yana rungumar ɗansa saboda ya ci jarrabawar fita. Can gefe a ƙarƙashin bishiya, wani yaro mai gashi ruwan ɗorawa yana zaune shi kaɗai a kan lilo, ya faɗi jarrabawar a karo na uku, wasu mata biyu suna satar kallonsa suna raɗa. Wannan yana cikin babin farko na labarin da Masashi Kishimoto ya fara bugawa a mujallar Weekly Shōnen Jump ta Japan a 1999, ya kammala shi a Nuwamban 2014 bayan babi 700. An tattara shi a littafi 72, waɗanda aka buga kwafinsu miliyan 250 a faɗin duniya. Kamfanin Pierrot ya mayar da shi katun mai motsi, irin wanda ake kira anime: kashi 220 daga 2002 zuwa 2007, sannan wasu 500 har zuwa 2017.

Labarin ya ƙare tuntuni, amma gardama a kansa ba ta ƙare ba. Wasu masoyansa suna cewa Naruto ya nuna cewa naci yana kai ɗan talaka kujerar mulki. Wasu suna cewa ƙarya ne, ai daga baya an gano ɗan babban gida ne. Akwai masu ganin da su ne shi, da sun ƙone garin da ya wulaƙanta su. Akwai kuma waɗanda suka fi son abokin hamayyarsa Sasuke, mai shiru da ɗaure fuska, wanda ya juya wa kowa baya. Duk wanda ya zauna kusa da matasa yana sauraron wannan gardama zai gane cewa rabinta a kan katun ake yi, rabinta kuwa kowa kansa yake faɗa. Ɗana, 'yata, wannan rabin na biyu shi ya sa aka ga ya dace a zauna da ku a yi magana, domin labarin yana ɗauke da darasi mai kyau, amma da yawa cikin sa'o'inku suna ɗaukar ɓawon su bar ƙwayar.

A fara da dalilin ƙiyayyar. A ranar da aka haifi Naruto, wani dodon dila mai wutsiya tara ya afka wa garin Konoha, ya kashe jama'a masu yawa. Shugaban gari na huɗu, Minato, ya ɗaure dodon a cikin jikin jaririn don ya ceci mutane, ya rasa ransa a nan, mahaifiyar yaron ma ta rasu. Shugaban da ya karɓi ragama ya kafa doka cewa kada kowa ya yi maganar. Dokar ta rufe baki amma ba ta rufe ido ba: manya suna harararsa, suna janye 'ya'yansu daga kusa da shi, yaran kuma suka gaji ƙiyayyar ba tare da sun san mafarinta ba. Shi kansa Naruto sai da ya kai shekara 12 kafin ya san abin da ke cikinsa.

Irin wannan ƙyama ba baƙuwa ba ce a Japan. A ƙauyukan Japan na da akwai wani horo da ake yi wa gidan da ya saɓa wa jama'a: a daina gaishe su, a daina hulɗa da su, sai fa in an yi mutuwa ko gobara ta tashi. A yankin Izumo kuma an daɗe ana nuna wasu iyalai da yatsa ana cewa suna da dila a gida mai yi musu aikin asiri, har ana ƙin auren 'ya'yansu. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, ya san yadda ake laƙaba wa gida maita, a wayi gari yaron gidan da bai san hawa ba bai san sauka ba ya rasa abokin wasa. Irin wannan ciwon ne ya sa yaro a Kano da yarinya a Maraɗi suke kallon yaron Japan na zane su ji kamar da su ake.

Abin da Naruto ya fara yi da wannan ciwo shi ne kuskuren da ya fi yawa a tsakanin matasa. Ya zama fitinanne. Ya hau dutsen da aka sassaƙa fuskokin shugabannin gari ya shafe su da fenti, yana ihu yana dariya, don a kalle shi ko da kallon tsana ne. Mai kallo yana dariya, amma in ya natsu zai ga cewa kowace ɓarna ta ƙara wa mutanen gari hujja a kansa. Da sun ƙi shi ba dalili, yanzu ya ba su dalili. Haka lamarin yake ga saurayin da ya ga ba a kula shi a gida, sai ya koma yin abin da zai tayar da ƙura a TikTok, ko budurwar da ta gano cewa zagin babban mutum yana jawo mata mabiya dubu a dare ɗaya. Ana kallonsu, ba shakka. Sai dai masu kallon ba sa zuwa duba su ranar da suka kwanta ciwo, kuma bidiyon yana nan ajiye har ranar neman aure ko neman aiki.

Wanda ya fara juya rayuwar Naruto malamin aji ne mai suna Iruka, wanda ba ya cikin manyan mayaƙan labarin. Shi ma maraya ne, kuma dodon da ke cikin yaron ne ya kashe iyayensa, don haka in akwai mai hujjar ƙin Naruto a garin, shi ne. Ya tilasta masa wanke fentin tas, sannan da dare ya kai shi shagon Ichiraku ya saya masa kwanon taliyar ramen. Ya haɗa masa horo da kulawa a yini guda. Iruka ya gane wasan yaron ne saboda shi ma a yarintarsa ya yi ta wautar da za a yi masa dariya a aji don kada kaɗaici ya cinye shi. Wannan shi ne abin da masu kallo suke saurin tsallakewa: kafin Naruto ya iya wata dabarar yaƙi, kafin ya ceci kowa, akwai mutum ɗaya da ya ga ɗan Adam a jikinsa. Ɗana, ka duba rayuwarka da kyau, da wuya a ce babu irin wannan mutumin. Wataƙila kawu ne mai yawan faɗa, ko malamar da take tsare ka a kan aikin gida, ko yayar da take kiranka kana ƙin ɗauka. Mai gaya maka gaskiya sannan ya tambaye ka ko ka ci abinci ya fi mabiya dubu goma amfani a gare ka.

A wannan babin na farko dai akwai wani malamin, Mizuki, kuma shi ne gargaɗi na biyu. Ya zo wa Naruto da murmushi a daidai lokacin da ya faɗi jarrabawa, ya nuna masa tausayi, ya ce akwai gajeriyar hanyar cin nasara: ya sato wani kundin sirri na gari. Nufinsa shi ne ya karɓe kundin ya kashe yaron, laifin kuma ya tafi da gawa. Iruka ne ya tare makamin da bayansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu tsagar da ta kai ta yaron da yake jin babu mai sonsa.

Labarin ya maimaita wannan gargaɗin da babbar murya a kan Sasuke. Yayansa Itachi ya hallaka danginsu na Uchiha a dare ɗaya, ya bar shi da rai, shi kuma ya rayu da burin ɗaukar fansa. Yana da malami mai ƙaunarsa, Kakashi, wanda har ɗaure shi ya yi a jikin bishiya don ya saurari nasiha, ya gaya masa cewa shi ma ya rasa duk makusantansa amma ya samu wasu. A daren nan 'yan saƙon wani mugun mayaƙi mai suna Orochimaru suka zo da alkawarin ƙarfi cikin gaggawa, Sasuke ya bi su. Abin da Orochimaru yake so shi ne jikin yaron, ya mallake shi ya zauna a ciki. Da Sasuke ya cimma burinsa Itachi ya mutu a gabansa, sai ya gano cewa manyan gari ne suka sa yayan nasa aikin don hana juyin mulki, kuma Itachi ya yi ta kare shi a ɓoye duk tsawon shekarun. Ya sayar da ƙuruciyarsa a kan labarin da bai san rabinsa ba.

Matasa da dama suna sanya hoton Sasuke a wayoyinsu, suna kwaikwayon shirunsa, suna ɗaukar yanke hulɗa da mutane a matsayin jarumtaka. Marubucin labarin bai nuna haka ba. Ya nuna shi yana tafiya daga hannun wani mai amfani da shi zuwa hannun wani, har zuwa faɗan ƙarshe da ya rasa hannunsa na hagu, Naruto ya rasa na dama. A unguwanninmu ma masu irin tayin Orochimaru ba su ɓuya ba. Shugaban daba yana kiran yaro ƙanensa, dillalin ƙwaya yana ba da ta farko kyauta, ɗan siyasa yana tuna sunan saurayi ana saura wata biyu zaɓe, mai wa'azin ƙiyayya yana gaya masa cewa kowa ɓatacce ne sai ƙungiyarsu. Dukkansu suna sayar da abu ɗaya ne, wato jin cewa mutum yana da wurin zama. Alamar da ake gane su da ita ba ta canzawa: suna fara raba yaro da iyayensa da tsofaffin abokansa, kuma suna neman ya yi abin da ba zai iya faɗa a gida ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Sai Gaara na garin Suna, wanda masu kallo suke kira madubin Naruto. Shi ma an ɗaure dodo a jikinsa, mahaifiyarsa ta rasu wurin haihuwarsa, mahaifinsa kuma shugaban gari ne, amma ya ba da umarnin a kashe shi. Yana ɗan shekara shida kawunsa Yashamaru, mutum ɗaya tilo da ya yarda da shi, ya kai masa hari, ya kuma gaya masa cewa ba a taɓa sonsa ba. Gaara ya yarda da maganar. Tun da an ce shi dodo ne, sai ya zama dodon, ya mayar da kisa hanyar tabbatar wa kansa cewa yana raye. Shekaru bayan haka aka gano cewa maganar kawun nasa ƙarya ce da aka umarce shi ya faɗa.

'Yata, a nan ne nasiha ta fi shafar masu taushin zuciya. An taɓa ce miki mummuna, ko daƙiƙiya, ko 'yar mace, ko 'yar riƙo, ko baƙuwa a garin da aka haife ki. Zafin maganar gaskiya ne, babu mai musun haka. Haɗarin yana zuwa ne ranar da mutum ya ɗauki sunan da maƙiyi ya raɗa masa ya mayar da shi nasa, ya daina karatu saboda an ce ba ya ganewa, ya daina gaisuwa saboda an ce ba shi da tarbiyya. Wanda ya faɗi maganar sau da yawa ya manta, ko kuma haushin wani abu ne ya sauke a kanki. Gaara ya juyo ne bayan Naruto ya kayar da shi ya kuma gaya masa cewa ya san irin wannan kaɗaicin. Abu na farko da ya yi shi ne neman gafarar yayyensa, Temari da Kankuro, waɗanda suka daɗe suna tsoronsa. Daga gida ya fara gyara, kuma bai kai shekara 16 ba garin da ya guje shi ya naɗa shi shugaba.

Gardamar da ta fi kowace zafi a tsakanin masoya labarin ita ce ta Neji. Shi ɗan reshen ƙasa ne a gidan Hyuga, an yi masa tambari a goshi tun yana ƙarami don ya zama mai hidima ga babban reshe, saboda kawai an haifi mahaifinsa bayan abokin tagwaicinsa. A gasar jarrabawa ya gaya wa Naruto cewa makomar kowa a rubuce take tun daga haihuwa, faɗaɗɗe ba ya zama shugaba. Naruto ya kayar da shi, filin ya ɗauki sowa. To amma daga baya labarin ya bayyana cewa Naruto ɗan shugaba na huɗu ne, mahaifiyarsa Kushina daga wani gida mai ƙarfi ta fito, har aka shigo da batun cewa shi magajin ran wani tsohon jarumi ne, tunanin da ya samo asali daga addinan gabashin Asiya. Neji kuwa ya mutu a yaƙi yana kare Naruto da Hinata, 'yar babban reshen. Sai masu suka suka ce: ashe Neji ne mai gaskiya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Suka ƙara da misalin Rock Lee, yaron da ba shi da baiwar komai sai naci da motsa jiki, wanda Gaara ya murƙushe wa hannu da ƙafa, kuma bai taɓa kai matsayin 'ya'yan manyan gidaje ba.

Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba laifi ba ne mai karatu ya kama marubuci da rauni. Kuskuren shi ne darasin da wasu matasa suke cirowa daga ciki, cewa tun da ba su da uba a sama, wahala banza ce. A duba me sunan uban ya tsinana wa Naruto. Sai da ya kai shekara 16 kafin ya san ko wane ne mahaifinsa, kuma da suka haɗu abin da ya fara yi shi ne kai masa naushi a ciki don baƙin cikin abin da ya ɗora masa. Duk shekarun da suka gabata shi kaɗai yake kwana a ɗaki, yana shan madarar da ta lalace don babu mai duba masa. Dabarar Rasengan da mahaifinsa ya ƙirƙiro ba ta zo masa a jini ba, sai da malaminsa Jiraiya ya sa shi ya yi ta fama da balan-balan mai ruwa da ƙwallon roba har hannunsa ya ƙone. Ita ma Kushina baƙuwa ce a Konoha, daga wata ƙasa aka kawo ta, yara suna tsokanarta saboda jan gashinta. Asali yana buɗe wa wasu ƙofa, wannan kowa ya sani, a Japan da Najeriya duka. Amma an ga 'ya'yan manya da suka lalatar da abin da suka gada, an kuma ga marayun da suka riƙe dangi. Wanda ya zauna yana lissafin abin da aka ba wani, lokacin da zai yi amfani da nasa ne yake ƙonewa. Ko Neji ɗin ma, mahaifinsa ya bar masa saƙon cewa da zaɓinsa ya ba da ransa don ɗan'uwansa, kuma shi ma da zaɓinsa ya ba da nasa.

Gardama ta biyu a kan mutanen gari ce. Bayan wani maƙiyi mai suna Pain ya rusa Konoha, Naruto ya kayar da shi, sannan ya je wurin Nagato, mutumin da ke bayan harin kuma wanda ya kashe Jiraiya, ya zauna ya saurari labarinsa maimakon ya kashe shi. Da ya dawo, jama'ar da suka tsane shi suka ɗaga shi sama suna kiransa gwarzo. Masu kallo da yawa sun ji haushin wannan wuri. Suna cewa munafunci ne, sai da ya yi musu amfani suka san shi mutum ne, kuma babu wani taron neman gafara da aka yi.

Kishimoto ya san da wannan ƙorafi, don ya sa shi a bakin Naruto kansa. A wani tsibiri, gaban wani ruwa mai zubowa daga dutse, Naruto ya haɗu da wani kamanninsa mai baƙin ido, wato ɓangaren zuciyarsa da ya ɓoye, wanda ya tuna masa duk hararar da aka yi masa ya ce kada ya yarda da tafin mutanen nan. Sun yi faɗa babu wanda ya yi nasara, domin ƙarfinsu ɗaya. Da ya dawo karo na biyu sai ya rungume shi, ya amince cewa ciwon nasa ne kuma ya taimaka wajen kai shi inda yake, amma ba zai bar shi ya ja ragama ba. Daga nan ne ya iya fuskantar dodon da ke cikinsa, har daga baya ya san sunansa Kurama, suka zama abokan tafiya.

Darasin nan biyu ne a haɗe. Na farko, wanda ya danne ɓacin rai yana murmushi kamar babu komai bai warke ba, ya dai rufe gyambo da riga. Gara ya faɗa wa wanda ya yarda da shi, ko malami, ko likita in abin ya kai ga hana barci da cin abinci. Na biyu, wanda yake jiran sai duk waɗanda suka cuce shi sun zo sun durƙusa kafin ya ci gaba da rayuwa, ya miƙa musu makullin rayuwarsa. Yawancinsu ba za su zo ba. Yafiya kuma ba ta hana a faɗi cewa an yi zalunci. Mutanen Konoha sun yi laifi, kuma masu kallon da suka ce haka ba su yi ƙarya ba. Abin lura shi ne Naruto bai jingina darajarsa a kan tafinsu ba, domin jama'ar da ta ɗaga mutum yau tana iya sakinsa gobe. A wani wuri Itachi ya ja masa kunne cewa kujera ba ta sa a yarda da mutum, waɗanda aka riga aka yarda da su ne ake ba kujera, kuma in ya manta da abokan da suka kai shi nan zai lalace kamar waɗanda yake yaƙa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai mutane na zahiri da suka ɗauki labarin ta fuskar da ta dace. Israel Adesanya, wanda aka haifa a Legas a 1989, iyayensa sun koma da shi garin Rotorua na ƙasar Niyuzilan yana ɗan shekara 10. A makaranta ya sha tsangwama a matsayinsa na baƙin yaro baƙo. Masoyin anime ne na gaske, har ya yi zanen tambarin cikin Naruto a nasa cikin. Amma bai tsaya a zane ba. Ya fara koyon dambe yana ɗan shekara 18, ya koma Auckland ya miƙa kansa ga koci Eugene Bareman, ya yi shekaru yana atisaye, har a Oktoban 2019 ya doke Robert Whittaker a birnin Melbourne na Ostareliya ya zama zakaran ajinsa a gasar UFC. Ya kuma fito fili ya ce ɗaukaka ba ta goge masa tabon yarinta ba, sai da ya nemi taimakon masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba ana cewa kowa ya shiga dambe ko ya yi zane a jiki ba. Abin koyi shi ne ya tashi daga gaban allo ya nemi malami da abokan aiki.

Wannan tashi daga gaban allo yana da muhimmanci. Kashi 720 na Naruto, kowanne kusan minti 23, sun haura awa 270, wato fiye da kwana 11 ba dare ba rana. Babu laifi a nishaɗi in an ba shi lokacinsa, bayan salla da karatu da aikin gida. Amma akwai matashin da yake kallon labarin abota har asuba alhali ya yi wata bai taka gidan abokinsa ba. Ƙasar da ta haifi labarin ta san wannan cuta. Wani binciken ofishin majalisar ministocin Japan da aka fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.46 masu shekara 15 zuwa 64 sun janye daga jama'a sun kulle kansu a gida na aƙalla wata shida, kuma a 2021 gwamnatin ƙasar ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici. Ba katun ne ya jawo haka ba, dalilan sun haɗa da matsin makaranta da rasa aiki da tsangwama. Sai dai allo yana sauƙaƙa wa mai ciwo ya ɓuya. Al'ummarmu tana da maganin da wasu ƙasashe suke nema da kuɗi: gaisuwar safe, zaman majalisa, suna da biki da ta'aziyya, cin tuwo a kwano ɗaya. Zumunta a ƙafa take, kuma matashin da ya raina waɗannan yana ganin ƙauyanci ne yana zubar da abin da Naruto ya yi shekaru yana kuka a kan rashinsa.

Ko bayan Naruto ya auri Hinata ya zama shugaba na bakwai, labarin bai bar shi ya huta ba. A fim ɗin Boruto na 2015 an ga Naruto ya nutse a aikin ofis har ya tura kwafin kansa na sihiri zuwa bikin zagayowar ranar haihuwar 'yarsa Himawari, kwafin ya ɓace yana riƙe da kek, ɗansa Boruto ya cika da fushi. Wasu masoya sun ce an ɓata musu gwarzo. Amma abin da aka nuna yana faruwa kullum: wanda ya tashi da yunwar a yarda da shi yana iya ƙarewa yana yi wa duniya hidima ya bar na cikin gida da irin kaɗaicin da ya sha. Ku da kuke kallo yau, gobe ku ne iyaye da yayye da malamai.

Ba sai an jira goben ba ma. Kusan duk mai kallon labarin yana ɗaukar kansa Naruto, wanda aka zalunta, da wuya a samu mai tambayar kansa ko yana cikin masu harara. A kashi na ƙarshe, wanda aka nuna a Maris na 2017, Naruto ya je wurin Iruka ya roƙe shi ya tsaya masa a matsayin uba ranar aurensa, ya tsallake duk manyan mayaƙan da ya sani ya zaɓi malamin firamarensa. Ɗana, 'yata, a ajinku ko a layinku akwai yaron da ake yi wa dariya saboda in'ina, ko yarinyar da ake gudu saboda abin da aka ce uwarta ta yi, ko almajirin da kowa ke aika amma babu wanda ya san sunan garinsu. Ku tambayi sunansa ku riƙe, ku kira shi ƙwallo ko karatun dare, ku ƙi yin dariya ranar da sauran suka fara. In bai amsa gayyatar farko ba kada ku yi fushi, ya saba da irin murmushin Mizuki ne, ku sake kiransa mako mai zuwa.